Kafka ko Zweig, da wa za ki fara?

'Yar'uwa kin ce kina son ki fara karanta gajerun labaran marubutan Jamusanci amma kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin Franz Kafka da Stefan Zweig. Ni dai Zweig zan ce, ga dalilina.

Sa'o'in juna ne, an haifi Zweig a Biyana 1881, Kafka a Prague 1883, duka Yahudawa ne a daula ɗaya, kuma kowanne yana da shahararren labari a kan mutumin da aka kulle a ɗaki. Nan ne za ki gane bambancinsu.

Na Zweig shi ne Schachnovelle, wato labarin darar Turawa, ya fito 1942. Wani lauya Dr. B 'yan Gestapo, wato 'yan sandan sirri na gwamnatin Hitler, suka tsare shi a ɗakin otal a Biyana, ba takarda ba alƙalami ba mai yi masa magana, wata rana ana jiran a yi masa tambayoyi ya zare littafi daga aljihun kwat ɗin wani jami'i yana murna ya samu abin karatu, yana buɗewa ya ga ashe wasannin darar Turawa ne guda 150, haka ya haddace su ya koma karawa da kansa a ƙwaƙwalwa har hankalinsa ya taɓu. Zweig riƙe miki hannu yake, ya gaya miki wa ya yi zaluncin, me ya sa, me mutumin ke ji a zuciya. Shi kansa Zweig ai gudun hijira ya yi, a Brazil ya gama labarin, a shekarar suka kashe kansu shi da matarsa.

Kafka kuwa babu ruwansa da bayani. A Die Verwandlung (wato rikiɗa) na 1915 Gregor Samsa, mai yawon tallar yadi da ke ciyar da gidansu, ya farka ya ga ya zama ƙaton ƙwaro, kuma har ki gama ba wanda zai ce miki ga dalili. Damuwarsa ta farko ma wai jirgin ƙasa ya wuce shi, zai makara aiki! Waɗanda suka kulle shi ba sojoji ba ne, 'yan gidansu ne. Ubansa ya jefe shi da tuffa ta maƙale a bayansa ta ruɓe a nan, ƙanwarsa Grete da ke kai masa abinci ita ce ƙarshe ta ce a rabu da shi. Wallahi wannan wurin ya fi na Zweig zafi a wajena, duk wanda ya ga yadda ake juya wa mai ciyarwa baya ranar da hannunsa ya bushe zai gane.

Don haka ki fara da Zweig, yana da jan rai, zama ɗaya kin cinye. Kafka ki bari sai ranar da kike da natsuwa, in kuma kina son gwaji tukuna ki nemi ɗan labarinsa Vor dem Gesetz, bai wuce shafi biyu ba.