Digirin Haɗakar Fannoni ko Horon Koyarwa: Wanne Zai Tsayar da Ke Gaban Aji?

Malama, kin ce digirinki na farko a tarihi kika yi shi, amma yanzu hankalinki ya karkata ga muhalli da tattalin arziki, kuma burinki ki koyar a kwaleji ko jami'a a Amurka ko Birtaniya. Tambayar ita ce ko ki shiga digirin da ke haɗa fannoni da yawa, ko ki zauna a tarihi ki nemi shirin da ke horar da malaman jami'a. Bari in ajiye miki su gefe da gefe, domin mutane kan ɗauke su tamkar kishiyoyi, alhali ba ɗaki ɗaya suke nema ba. Ɗaya yana faɗaɗa abin da kika sani, ɗayan yana koya miki yadda za ki zuba shi a kan ɗalibi ɗan shekara 18 da bai yi karatun da aka ba shi jiya ba.

Digirin haɗaka yana da daɗi, ba zan ɓoye ba. Tsohon misalinsa shi ne Committee on Social Thought na Jami'ar Shikago, wanda aka kafa a 1941, inda Hannah Arendt da Friedrich Hayek suka koyar. A can ɗalibi kan zaɓi manyan littattafai goma sha wani abu daga falsafa da adabi da tarihi, ya yi musu karatun ƙwaƙƙwafi, a jarraba shi a kansu. Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz tana da nata, History of Consciousness, inda Angela Davis da Donna Haraway suka yi aiki. A ɓangaren kimiyya ma hukumar NSF ta gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi a wani shirin tallafi mai suna IGERT daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2010 don a samu masu digiri na uku da ke iya aiki a tsakanin fannoni. Hujjar a fili take: matsala irin ta fari ko annoba ba ta san iyakar sashe ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne ranar neman aiki. Jami'a ba ta ɗaukar malami, sashe ne ke ɗauka. Waɗanda za su karanta takardunki malaman tarihi ne ko na tattalin arziki, kuma abin da ke ransu shi ne wa zai riƙe musu kwas ɗin 'yan aji ɗaya a zango mai zuwa. Mai digirin haɗaka kan zama jemage a idonsu, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba. Na tarihi su ce ai wannan ɗan tattalin arziki ne, na tattalin arziki su ce ina lissafinsa?

Akwai kuma ƙa'ida rubutacciya da ɗalibai da yawa ba sa sani sai aski ya zo gaban goshi. Hukumar SACSCOC, mai tantance kwalejojin kudancin Amurka, ta daɗe tana ba da jagora cewa mai koyar da 'yan digirin farko ya kasance yana da digiri na biyu, tare da aƙalla kiredit 18 na matakin gaba da digiri a ainihin fannin da zai koyar. Kwalejoji da yawa a wasu yankunan ma da wannan ma'aunin suke aiki. Kiredit 18 kusan kwas 6 ke nan. To idan kika raba kiredit 30 ko 36 na digirinki gida uku, 12 nan, 12 can, sai ki wayi gari kin san abu uku amma takarda ba ta ba ki damar koyar da ko ɗaya ba. Ma'aikacin da ke duba sakamakonki ba zai karanta kundinki ba, lambar kwas kawai zai duba ya ga ko ta sashen tarihi ce.

Ƙarin abin lura, irin waɗannan shirye-shirye galibi da malaman aro suke tafiya, albashinsu yana wani sashen. In aljihun jami'a ya yi sanyi, su ake fara taɓawa. Jami'ar Emory da ke Atlanta ta dakatar da ɗaukar ɗaliban gaba da digiri a cibiyarta ta Institute of the Liberal Arts a 2012, bayan cibiyar ta yi kimanin shekara 60 tana aiki.

Yanzu ɗaya gefen. Kukan cewa digiri na uku ba ya koya wa mutum koyarwa tsoho ne: tun 1903 masanin falsafa ɗan Amurka William James ya yi rubutu yana sukar yadda jami'o'i ke ɗaukar takardar dakta a matsayin shaidar iya aji. Amsar da aka gwada a Amurka ita ce digirin D.A., wato Doctor of Arts, wanda Jami'ar Carnegie Mellon ta fara a 1967. An gina shi ne musamman don malamin kwaleji: karatu mai faɗi a fanninka, darussan dabarun koyarwa, koyarwa a ƙarƙashin idon gogaggen malami, sannan kundin bincike da zai iya kasancewa a kan yadda ake koyar da fannin. Tunani mai kyau, amma kasuwa ba ta karɓe shi yadda aka so ba. Jami'o'i da dama sun rufe nasu ko sun mayar da shi Ph.D., sai 'yan tsiraru irin su Jami'ar Jihar Idaho da Ball State, wadda take yin nata a fannin kiɗa. Ni dai ba zan ce ki bi shi ba sai in kin tabbatar kwalejin koyarwa zalla kike so, domin har yau akwai kwamitocin da sai kin yi musu bayanin ma'anar haruffan.

Abin da ya fi tasiri shi ne horon da ake ɗorawa a kan digirin da aka saba. Shirin Preparing Future Faculty da aka soma a 1993 yana kai ɗaliban digiri na uku ƙananan kwalejoji, su zauna da malaman can, su ga yadda mai aji 5 a zango ɗaya yake rayuwa. Yau kusan kowace babbar jami'a tana da cibiyar koyarwa mai ba da satifiket, sau da yawa ba tare da ƙarin kuɗi ba. A Birtaniya tsarin a juye yake: bayan rahoton kwamitin Dearing na 1997 kan ilimin jami'a, al'adar ta zama a ɗauke ki aiki tukuna, sannan ki yi satifiket na kiredit 60 kina cikin aikin, ki nemi shaidar Advance HE, ƙungiyar da ke ba malaman jami'a shaidar ƙwarewa a koyarwa. Kada kuma ki ruɗu da aikin mataimakin malami da ake ba ɗalibai don biyan kuɗin makaranta. A miƙa miki takardu 80 ki ba su maki ba horo ba ne, sai in akwai wanda ke shiga ajinki ya zauna a baya, ya faɗa miki inda kika kauce.

Ta fuskar kuɗi da lokaci, satifiket ɗin koyarwa shekara ɗaya ce ko biyu a gefen karatunki. Digiri na biyu na haɗaka shekara ɗaya ne ko biyu, kuma galibi daga aljihunki. Digiri na uku a sashe yakan ci shekara 5 zuwa 7 a Amurka, amma a can an fi samunsa da tallafi.

Ga shawarata. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku, saboda haka ki kafa ƙafa a tarihi. Abin da kike nema ma yana nan cikin gida: tarihin muhalli fanni ne mai zaman kansa, ƙungiyar masanansa ta Amurka tana nan tun 1977, haka tarihin tattalin arziki. Ki cika kiredit 18 ɗinki a sashen, ki ɗauki ragowar a wajen masana muhalli, ki sa ɗayansu cikin kwamitin duba kundinki, ki yi satifiket ɗin koyarwa kafin ki gama.

In kuwa zuciyarki ta nace sai haɗakar, ban hana ki ba, akwai waɗanda suka bi ta suka yi suna. Amma kafin ki cike fom, ki rubuta wa shugaban shirin ki tambaye shi ina waɗanda suka gama cikin shekara 5 da suka wuce suke aiki yanzu, kuma a wane sashe. Ki tambayi lambar da kwasa-kwasan ke ɗauka a takardar sakamako, da ko za a ba ki aji naki na kanki ko maki kawai za ki riƙa yi. In amsar ta zo da kwana-kwana, ki nemi adireshin tsofaffin ɗalibai biyu ki ji daga bakinsu.