Filtar mai guda uku da na gwada a kan tsohon babur ɗin mahaifina

Babur ɗin da nake hawa Honda CG125 ne, na mahaifina, Allah ya jiƙansa. Da shi ya yi shekaru yana kai da kawowa tsakanin unguwar Aboabo ta Kumasi da garin Ejura, a Ghana, wajen cinikin masara da wake, kuma bayan rasuwarsa ya yi kusan shekara huɗu a jingine a zaure, lulluɓe da buhu. A 1975 kamfanin Honda ya fara fitar da irin wannan babur, an kuma ƙera shi ne domin ƙasashe irin namu, inda hanya ba ta da kyau kuma ba kowa ke canza baƙin mai a kan lokaci ba. Shi ya sa injinsa yake da juriya. Ranar da na fito da shi, fulogi muka canza, muka wanke kafireto, muka zuba sabon fetur, kik na biyar ya tashi. Injin bai taɓa ba ni ciwon kai ba. Abin da ke cikin tanki shi ne ya hana ni sakat.

Duk wanda ya zauna a Kumasi ya san irin danshin garin nan, damina biyu a shekara. Tankin ƙarfe idan aka bar shi ba cike ba, iskar da ke ciki tana yin raɓa a jikin bango idan dare ya yi sanyi, ruwan ya gangara ƙasa tunda ya fi fetur nauyi, ya kwanta can yana cin ƙarfe. Shekara huɗu ana haka. Da na haska tocila ta bakin tanki, ƙasan jawur yake kamar an barbaɗa garin barkono. Sati biyu da fara hawa sai babur ya soma mutuwa a silo duk inda na tsaya, daga baya kuma na fito da asuba na tarar da fetur ya yi tafki a ƙasa, yana ɗiga daga ƙaramin tiyon da ke ƙarƙashin kafireto.

Na tura shi zuwa Magazin a Suame, unguwar makanikai da masu kayan gyara ta Kumasi, wajen fitan da ke duba wa mahaifina shi tun ina yaro. Yaransa suna ce masa Masta, ni kuwa Baba nake kiransa. Ya kwance kwanon kafireto, ya juye abin da ke ciki a tafin hannunsa, ya miƙo mini. Ɗan ɓarɓashin tsatsa ne, bai fi ƙwayar yashi ba.

“Ɗana, ka ga wannan? Shi ne ya zauna a bakin allura ya hana ta rufewa. Mai yana ta shiga babu mai tsayar da shi, dole ya zube.”

Sai ya ciro ƙaramin jet na silo, ɗan ƙarfe mai rami da mai ke bi ta cikinsa, ya ɗaga shi sama wajen rana, ya ce in leƙa. Ban ga haske ba. Ramin wannan jet bai kai rabin milimita ba, don haka datti kaɗan ya ishe shi toshewa. Makullin mai da ke ƙarƙashin tanki yana da 'yar raga tasa, amma ta mahaifina ta yage tuni. Baba ya ce in je in sayo filta da za a sa a tsakiyar tiyo, tsakanin makulli da kafireto. Bai faɗa mini wace iri ba, ni ma ban tambaya ba, kuma daga nan labarin ya yi tsawo.

Ta farko da na saya ta mota ce, mai girma kamar ƙwan agwagwa, da takarda nannaɗe a ciki. A lissafina, wadda ta fi girma kuma ta fi tacewa sosai ita ce ta fi. Baba ba ya nan da na dawo, yaronsa ne ya ɗaura mini. Bakinta ya fi tiyon babur faɗi, sai da ya ɗumama tiyon a ruwan zafi kafin ya shiga, kuma saboda girmanta babu inda za ta zauna sai dab da kan injin, tiyon ya lanƙwasa ya ɗan hau sama kafin ya sauko. A cikin gari ban ga matsala ba. Daga Aboabo zuwa Asawase, zuwa Kejetia, lafiya lau, zubar mai ta tsaya, silo ya daidaita. Na ji daɗi ƙwarai.

Wata uku bayan haka na kama hanyar Ejura zuwa gaisuwar mutuwa. Na wuce Tafo, na wuce Agona, na wuce Jamasi, na fara hawan tudun Mampong, wanda duk mai bin hanyar nan ya san kwane-kwanensa. A tsakiyar hawa, totur a buɗe, sai babur ya soma shaƙewa kamar mai ya ƙare, ya ja ya saki, ya ja ya saki, ya mutu. Ga tanki da mai fiye da rabi. Na tura shi gefe, manyan motoci suna wucewa da ni ina jin iskarsu a jiki. Bayan kamar minti biyar na buga kik ya tashi sumul, na yi 'yar tafiya ya sake mutuwa. Sau huɗu aka yi haka kafin na kai sama. Ban ji tsoro a kan babur ba kamar ranar.

Abin da ya faru, wanda sai daga baya na fahimta, shi ne: irin waɗannan tsofaffin babura ba su da famfon da ke tura mai. Nauyin fetur ne kawai yake gangaro da shi daga tanki zuwa kafireto, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. Ƙarfin turawar kaɗan ne ƙwarai. Mota tana da famfo, shi ya sa takarda mai ƙananan ƙofofi ba ta damunta. A wajena kuwa, garin tsatsa ya riga ya liƙe takardar, ga ɗan ruwan ƙasan tanki da ta sha, ga tiyo ya hau tudu, ga zafin injin yana dukan filtar har fetur yana zama tururi a ciki. A cikin gari injin ɗan mai yake sha, abin da ke tsiyayowa yana isarsa. A kan tudu kuwa yana zuƙa fiye da abin da ke shigowa, kwanon kafireto ya bushe, ya mutu. In na tsaya, kwanon ya sake cika a hankali, ya tashi. Ba na cewa kowace filtar takarda ba ta da kyau. Akwai ƙanana da aka yi don babur, kuma a tanki mai tsabta suna aiki. Amma ta mota a kan tanki mai tsatsa, ba na ba kowa shawara.

Ta biyu ba zan daɗe a kanta ba. A Mampong na saye ta a wani tebur don kawai in kai gida, 'yar ƙaramar roba, kuɗinta bai kai na kwanon wake da shinkafa ba. Mai yana wucewa sosai. Amma cikin wata biyu robar ta yi rawaya, ta yi laushi, sai wata rana na ji warin fetur a ƙafata, na duba, ashe ta tsage a inda aka haɗa ɓari biyun, tana ɗiga a kan injin mai zafi. Allah ne ya kiyaye. Araha ba ta ado, kuma a wajen da ake maganar fetur da wuta abin ya wuce maganar ado.

Wannan karon Baba da kansa ya tashi ya raka ni cikin layukan masu kayan gyara. Ya ɗauki wata ƙarama, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, jikinta garau kana ganin ciki, a tsakiya akwai wani abu kamar ƙaramin mazurari mai launin zinariya. Wannan tagulla ce, ƙananan ƙwayoyi da aka matse aka gasa har suka manne da juna, suka bar ƙofofi a tsakaninsu. Ya matsa robar da babban yatsa ya ji taurinta, ya duba haɗin, ya sa a baki ya hura, ya gwada bakin da guntun tiyon da ya zo da shi a aljihu.

“Baba, wannan ba ta yi ƙanƙanta ba?”

“Ba girma muke nema ba, ɗana. Wadda mai zai ratsa ba tare da an tura shi ba, kuma wadda idonka zai gaya maka halin da take ciki.”

Amma ya ƙi ɗaurawa sai an wanke tanki. Ya ce in aka bar tsatsar nan, ko filtar zinariya na sa sai ta toshe. Suka sauke tankin, suka zuba kananzir da tarin ƙananan noti, yara biyu suka yi ta jijjiga shi suna juyewa, har abin da ke fitowa ya daina yin ja. Aka shanya shi a rana ya bushe ƙarau, aka sa sabuwar raga a makulli, aka yanko sabon tiyo gajere wanda yake gangarowa kai tsaye ba tare da ya hau ko'ina ba, aka nisanta filtar daga kan injin, aka ɗaure kowane baki da kilif. Akwai kibiya a jikin filtar, dole ta kalli kafireto. Kafin ya haɗa ƙarshen tiyon, sai ya sa shi a bakin kwalba ya buɗe makulli. Fetur ya zubo a miƙe kamar zare mai kauri, ba ɗigo-ɗigo ba. Ya ce duk ranar da na yi shakka, in yi wannan gwajin, injin a sanyaye kuma nesa da wuta, kafin in taɓa kafireto.

Yau wata takwas ke nan ina tare da ita, kuma ita nake yabawa. Na hau tudun Mampong sau uku, sau ɗaya ma da goyo, babur bai ko yi tari ba. Abin da na fi so a gare ta shi ne ganin ciki. Kowace Juma'a kafin in tafi masallaci nakan durƙusa in duba. In akwai tsatsa, ga ta nan a kwance a gindin mazurarin. In na sha mai mai ruwa a wani gidan mai, kuma hakan ya faru sau ɗaya, zan ga ɗigon ruwan ya ware kansa a ƙasa kamar ƙwayar dutsen ado. Gani ya kori ji. Wani abu da ya ruɗe ni da farko shi ne filtar ba ta cika taf, kullum akwai iska a samanta. Na koma wajen Baba a kan haka, ya ce ba komai ba ne muddin mai yana gudu, kuma haka na gani.

Tana da nata rauni, kuma ya kamata in faɗa. Tagulla ba ta kama datti mai laushi sosai kamar yadda takarda ke kamawa. A lokacin hunturu, da na kwance sukurun da ke ƙasan kwanon kafireto na tsiyaye a murfin kwalba, na ga ɗan gari mai laushi kamar toka. Bai kai ya toshe jet ba, amma yana wucewa. Don haka duk wata biyu nake tsiyaye kwanon. Ba ta kuma tsayar da ruwa, nuna maka shi kawai take yi. Wajen wanki kuwa da sauƙi: in rufe makulli, in zare ta, in tura fetur mai tsabta da sirinji ta bakin fita domin dattin ya koma ta inda ya shigo. Sau biyu na yi haka. Ta takarda ba a yi mata wannan, in ta toshe sai a jefar.

Akwai ranar da na kusa ɗora mata laifin da ba nata ba. Babur ya mutu a wajen Tafo daidai irin mutuwar tudun Mampong. Na duba filtar, tas take. Da na buɗe murfin tanki sai na ji ya ja iska, fuu, nan take mai ya ci gaba da gangarowa. Ashe ɗan ramin numfashi da ke jikin murfin ne ƙurar hunturu ta toshe, kuma in iska ba ta shiga tanki ba mai ba zai fita ba. Allurar ɗinki ce ta gyara shi.

Yanzu ba na barin tanki ya kwana ƙasa da rabi in ina da hali, kuma nakan juya makulli zuwa rizab, inda yake jawo man da ke ƙasan tanki, lokaci-lokaci a kusa da gida, domin abin da ya taru a ƙasa ya fito in gan shi tun bai yi yawa ba. A cikin akwatin kayan gyara na gefe akwai filta guda irin wannan sabuwa, da kilif biyu, da guntun tiyo, nannaɗe cikin tsumman da mahaifina yake goge hannu da shi. Jumma'ar da ta wuce ƙwayar tsatsa uku na ƙirga a gindin mazurarin, sai dai na lura tiyon ya soma tauri a wajen makulli, shi zan kai wa Baba ya canza ranar Asabar.