Solar biya kaɗan-kaɗan: wutar tana da kyau, amma makullin yana hannun kamfani

Shagon cajin waya da POS nake da shi a Kawo, Kaduna, kusa da tashar mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ya koma cinye ribar shago tun kafin la'asar, shi ya sa na karɓi irin solar nan da ake ba da kafin alƙalami, sauran kuɗin a riƙa biya duk wata.

Kayan kansu ba ni da abin cewa a kansu sai alheri. Faranti ne a kan rufi, da akwatin batir, da ƙwayayen fitila da fanka. Babu ƙara, babu hayaƙi, mai shayin da ke gefena ma ya huta da warin fetur. Lokacin hunturu dai sai ka hau ka goge ƙurar da ta kwanta a kan farantin, a watan Agusta kuma idan hadari ya wuni ƙarfin wutar yakan ragu. Wannan duk mai sola ya san da shi.

Inda nake da magana shi ne ɗan allon da ke gaban akwatin. Yana nuna kwanakin da suka rage maka. Idan ka biya, sai a turo maka lambobi ta tes, ka danna, kwanaki su ƙaru. Ranar da suka ƙare akwatin zai kulle kansa, ko da batir a cike yake, ko da rana tana dukan farantin da tsakiyar Afrilu. Akwai wata Juma'a da na biya, banki ya cire kuɗi, lambobi ba su zo ba. Wayoyin direbobi da fasinjoji jere a kan katako, kowa yana jiran tasa kafin mota ta cika. Na kira ofishinsu, wata baiwar Allah tana ta cewa, "Ka yi haƙuri yallaɓai, matsalar netwok ce." Sai bayan isha'i wutar ta dawo, kuma babu wanda ya mayar mini da ko kwana ɗaya.

Ranar da wakilinsu yake tallata mini kayan, cewa ya yi, "Malam, naka ne fa, kawai dai a hankali za ka biya." Takardar da na sa wa hannu kuwa ta ce kayan mallakar kamfani ne har sai an biya kuɗin ƙarshe. Da batir ya fara rauni na so in kai wa wani yaro mai gyara a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya duba ya ce akwai hatimi, idan ya ɓalle garanti ya tashi. Na koma wurinsu, suka ce batir yana cikin abin da amfani ke cinyewa, ni zan biya. To a nan ne raina ya ɓaci. Malamanmu na fiƙihu sun bambanta ciniki da haya tun da daɗewa: idan ka saya, abu ya zama naka, ka gyara inda ka ga dama, ka sayar, ka bayar kyauta, magada su gada. Idan haya ce, babban gyara yana wuyan mai kaya. Su kuma sun riƙe ikon kullewa irin na mai kaya, sun ɗora mini nauyin gyara irin na wanda ya saya. Tsohon janaretana, duk da tsufansa, na kai shi Panteka na sayar na sa kuɗin a aljihu. Wannan akwatin ko ƙanina ba zan iya bar wa ba sai da izinin ofis.

Kuma ba sola kaɗai ba ce. Dikodar da ke falonka ka saye ta da kuɗinka, amma ranar da kuɗin wata ya ƙare yawancin tashoshin sun tafi. Maƙwabcina mai buga katin biki da kalanda yana kuka da manhajar zane, domin tun 2013 kamfanin Adobe ya daina fitar da sababbin manyan manhajojinsa na zane don saye na dindindin, sai biyan wata-wata ko shekara-shekara, ga kuma yadda naira ta faɗi. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan intanet, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa. An mayar musu da kuɗinsu, amma wanda ya so littafinsa bai samu ba.

Muna da doka a ƙasar nan. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce mai saye yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshe mai sauƙin fahimta, ta kuma hana sharuɗɗan zalunci a yarjejeniya. Takardar da aka miƙo mini da Turanci take, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, alhali tallan duk da Hausa aka yi shi. Wanda ya iya tallata kaya da Hausa ai ya iya rubuta sharuɗɗansa da Hausa.

Shin zan ba wani shawarar ya karɓa? Idan sana'arka ba ta yiwuwa sai da wuta kuma ba ka da kuɗin sayen sola gaba ɗaya, karɓi, ya fi fetur sauƙi nesa ba kusa ba. Amma kada ka sa hannu sai an rubuta maka jimillar abin da za ka biya, da ranar da za a buɗe akwatin har abada, da wanda zai sauya batir idan ya mutu. Ka kuma tambaye su abin da zai faru da akwatin idan kamfanin ya tattara ya bar Najeriya kafin ka gama biya, tunda daga na'urarsu lambobin ke fitowa. Ni na yi wa wakilin wannan tambayar, ya ce zai tuntuɓi manyansu a Legas, har yau bai dawo mini da amsa ba.