Motar ɗaukar dawakin da na saya, bayan wata takwas tana hannuna

Tun ranar da motar nan ta shigo unguwarmu a Bauchi, duk abokin harkar da ya zo kallonta tambayarsa ɗaya ce: nawa ne a kan mita? Ni ma da wannan tambayar na fara nema, kuma ita ce ta kusa sa na sayi abin da zai karya mini doki.

Dawakina huɗu ne, akawal ɗaya, kili biyu, da wani bidi da nake ji da shi. Shekara da shekaru, in za mu je hawan angwanci ko sukuwa a Gombe ko Azare, motar shanu muke ɗauka haya. A zuba yashi a ƙasa, a nemi tudu a ja motar da baya, sannan a yi ta lallashin doki ya shiga. Wata rana a hanyar Darazo direba ya taka birki da ƙarfi a bakin rami, babban kilina ya zame ya daki ƙarfen gefe. Wata uku yana ɗingishi, ni kuma ina kwana ina tashi da shi a rai. Daga nan na fara tara kuɗin motar da don doki aka ƙera ta.

Ta farko da dillali ya kai ni, a wani filin sayar da motoci kan hanyar Jos take. Ƙarama ce, irin mai tan uku da rabi, ta doki biyu, daga Ingila aka kawo ta. Fenti yana ƙyalli, mita tana nuna 61,000. Zuciyata ta riga ta kwanta. Sai dai na tafi da tsohon bakaniken mahaifinmu, wanda ya haura shekara talatin yana kwance injin gas, muna ce masa Baba. Bai ko kalli fentin ba. Ya leƙa mitar ya ce, "Alhaji, wannan mil ne ba kilomita ba." Mil ɗaya ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi, wato lambar nan ta kai kilomita 98,000 ke nan. Wannan ba laifi ba ne a mota. Laifin yana ƙasa, inda Baba ya haska mini da tocila: robar kuloci ta cinye har ƙarfe ya fito, kujerar direba ta lotse, gefen da ake zamewa a sauka ya yage, sitiyari ya yi santsi kamar an shafa mai. Ya ce ƙafar da ta cinye robar nan ba ta yi hakan a tafiyar da mita ta faɗa ba.

Ga kuma sitiyarin, asalinsa a dama yake, domin a Ingila ta hagu ake tuƙi, mu kuwa tun 1972 muka koma hannun dama. An juyo shi ne bayan an sauke motar, kuma duk wanda ya yi wannan aiki sai ya kwance gaban motar gaba ɗaya, har da mitar. Ɗana ya ga tsohuwar lambar motar an zana ta a jikin gilashi, ya shigar da ita a shafin gwamnatin Birtaniya inda ake ajiye sakamakon gwajin mota na shekara-shekara, wanda suke kira MOT. Kyauta ake dubawa, kuma kowane gwaji da lambar mitar da aka gani ranar. Gwajin ƙarshe ya nuna ta riga ta wuce mil 140,000. A nan muka fahimci cewa asali motar rarraba kaya ce, bayan ta gama wahalarta aka ɗora mata sabon bodin dawaki. Bodi yaro, shasi tsoho.

Duk da haka abin da ya sa na juya baya shi ne daɓen. Baba ya sa aka ɗaga shimfiɗar robar da doki ke tsayawa a kai. Mai motar bai so ba, yana cewa ai an manne ta. Da aka ɗaga sai wani wari ya bugo mu, katakon ya yi baƙi. Baba ya dafa sukundireba a kusurwa, sai ta shige kamar cikin dafaffen rogo. Fitsarin doki ne, yana bi ta gefen roba ya kwanta a ƙasa, ba rana ba iska, ya ruɓar da katako ya ci ƙarfe. Na tsaya ina tunanin bidina a kai, mota tana gudu, kofato ya huda ya taɓa kwalta. Ban ƙara ko taya ta ba. Mai niyyar sayen irin wannan mota, don Allah kada ka biya ko sisi sai ka ɗaga robar nan da hannunka, sannan ka kwanta ƙarƙashi ka ga abin da ke riƙe da daɓen.

Wadda na saya daga baya Mercedes 814 ce, mai tan bakwai da rabi, daga Jamus, sitiyarinta na hagu tun daga kamfani. Mitarta 312,000. Da na ga lambar sai na ja da baya, Baba ya riƙo hannuna ya ce in yi haƙuri mu ji abin da injin zai faɗa. Ya hana mu gwada ta a ranar, ya ce sai gobe da sassafe, kuma kada kowa ya tayar da ita kafin mu zo, domin injin da ya ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Washegari ya fara dafa injin da tafin hannu ya tabbatar da sanyi yake. Murɗa ɗaya ta tashi. Ɗan hayaƙi ya fito ya wuce, ba shuɗi ba, ba fari mai daɗewa ba. Ya buɗe murfin baƙin mai injin yana aiki, ya aza shi a bakin ramin ya ga ko zai yi rawa. Ya ɗan motsa kawai. Ya leƙa ruwan lagireto, babu maiƙo. Muka jira iskar birki ta taru, ya kashe motar ya kasa kunne ko akwai inda take tsiyaya.

Sannan muka hau hanya, muka wuce Nabordo da Toro har hawan da ke kusa da Tilden Fulani. Giya tana shiga ba gardama, allurar zafi ba ta ɗaga ba. Mai sayarwar, ya cancanci a yaba masa, ya bar mu da ita yini guda da yaronsa kawai, ya kuma kawo littafin sabis mai hatimi wanda lambobinsa suka bi juna shekara bayan shekara. Inda ya gaza shi ne takardun kwastam, sai da na yi mako biyu ina binsa kafin ya miƙo na asali, ni kuma na riƙe cikon kuɗinsa har ranar.

Baba ya koya mini wani abu da ban taɓa tunani ba: motar dawaki zama ne ke kashe ta fiye da tafiya. Turawan nan sai ƙarshen mako suke fita da ita, wani lokaci ta yi damina da hunturu a ajiye. Tayoyin wannan ma zanensu cike yake, kai ka ce sababbi ne, amma gefensu duk ya tsattsage. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Nata 2314 ne, wato mako na 23 a shekarar 2014. Tayar da ta kai wannan shekarun ba za ta jure kwaltar watan Afrilu ba, dole na sauya duka shida. Daɓenta na alminiyam ne, lafiya lau, amma biyu daga cikin ƙarafan da ke tallafe da shi tsatsa ta ci su, ga fitsari daga sama ga gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara daga ƙasa. Mai walda ya yanke su ya sa sababbi. Da waɗannan biyun na samu aka rage mini kuɗi mai kauri.

Me ya sa na fi son tsohuwar 814 a kan sababbin yayi? Injinta silinda shida ne, babu kwamfuta a ciki, babu ruwan AdBlue da ake zuba wa sababbin motocin gas don rage gubar hayaƙi, kuma duk garejin manyan motoci daga nan har Gombe akwai wanda ya san ta. Kayan gyaranta ba sai an aika Turai ba.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba, kuma har yanzu ina fama. Don ƙasar sanyi aka ƙera ta, tagoginta ƙanana ne can sama. Fitarmu ta farko da rana, kafin mu kai Alkaleri dawakin sun jiƙe sharkaf da gumi. Na tsorata ƙwarai. Na sa aka buɗe ƙarin tagogi huɗu aka sa musu raga, aka shafa wa rufin farin fenti, na kuma daina tafiya da su tsakanin hantsi da la'asar. Ƙofar baya da ke sauka ta zama gadar hawa nauyi gare ta, sifirin ɗinta ya saki, sai mutum biyu ke ɗaga ta kafin mu sauya shi. Doguwa ce kuma, wayoyin wuta na cikin lunguna ba sa barinta shiga ko'ina. Gas kuwa tana sha, ba abin ɓoyewa ba ne.

Batun nauyi ma kada a raina shi. Tan bakwai da rabi ɗin nan har da nauyin motar kanta ne. Na kai ta sikelin manyan motoci babu komai ciki, ta nuna kilo 5,600, saura 1,900 ke nan na dawaki da mutane da ruwa da harawa da sirada. A gabanta akwai ɗan ɗaki mai gado da murhu da kabad, na cire su duka na mayar da wurin ma'ajiyar kayan doki. Gurbi uku gare ta, uku kuma nake ɗauka, ko da yaran barga suna cewa na huɗu zai shiga in an matsa.

Makon jiya muka je Gombe ɗaurin auren ɗan wani aminina. Mun tashi bayan sallar asuba, na sa aka tsaya a Alkaleri na buɗe ƙaramar ƙofar gefe na leƙa. Bidin yana tsaye daram yana cizgar harawa, kilin da ya taɓa jin ciwo ya juyo ya dube ni, jikinsa a bushe. Mitar yanzu ta kai 318,400. Saura fanka biyu da na yi odar su daga Kano, ina so a ɗaura su a rufi kafin zafin Maris ya shigo.