Zarton katako ko zarton ƙarfe: wanne ya fi wajen yankan ƙotar wuƙa?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya kan ƙaramin injin zarto, irin wanda ruwansa bel ne guda mai haƙora yana zagaya wili biyu. Ka ce wurin aikinka matsattse ne, abin da kake yankawa kuwa katako mai tauri ne da Micarta da G10, wato farantan da ake yi da yadi, takarda ko zaren gilashi a cikin daskararren gam, jefi-jefi har da ƙaho. Ka rasa na zaɓa tsakanin zarton katako na kan tebur mai inci 9 ko 10 (girman wilinsa ke nan), da zarton ƙarfe na hannu wanda ake kafewa a tsaye a ɗora masa ɗan teburi.

Fara duba gudun ruwan zarton kafin komai. Na katako yana gudun mita 750 zuwa 900 a minti ɗaya. Na ƙarfe kuwa daga wajen mita 30 zuwa 110 ne, kuma galibinsu suna da abin rage gudu da ƙarawa. Tazarar ta kusa ninki goma, kuma daga ita sauran bambance-bambancen suka taso. Akwai masu inci 10 da ke da gudu biyu, na ƙasan wajen mita 460, amma ko shi ya yi wa ƙarfe sauri da yawa.

A ɗauki aikin da ya fi yawa: tsaga guntun katako gida biyu. Guntun ƙota yakan zo da kaurin milimita 25, faɗi 38, tsawo 125. Kana so ka raba kaurin nan ka samu ɓari biyu waɗanda idan ka buɗe su kamar littafi, zanen jikin katakon zai dace hagu da dama. Ruwan zarto yana cin wajen milimita 1, gogewa da samfefa ta ci rabin milimita ko ɗaya a kowace fuska, sai a bar ka da ɓari biyu masu kaurin kusan 11. Wannan in yankan ya miƙe ke nan. In ya karkace da milimita 2 kacal, ɓari ɗaya ya sirance, kuma katako mai tsada ya tafi a banza.

A nan zarton katako ya yi wa na ƙarfe fintinkau. Dalili yana cikin haƙora. Ruwa mai haƙora 4 a inci ɗaya yana da manyan gurabe tsakanin haƙori da haƙori, su ne ke kwashe garin katako su fitar da shi. A cikin tsayin milimita 38, haƙora shida ne kawai ke aiki lokaci guda. Ruwan zarton ƙarfe na hannu kuwa da wuya ka samu mai ƙasa da haƙora 8 ko 10, wanda aka fi samu 14 ne ko 18. Da mai 14, haƙora sama da ashirin ne ke cikin katakon, guraben sun cika da gari tun kafin su fito, ruwan ya ɗau zafi, fuskar katakon ta ƙone, kai kuma ka fara turawa da ƙarfi. Turin nan shi ke karkatar da yanka. Zai raba guntun, amma a hankali, kuma katako mai maiƙo irin su kokobolo yakan bar danƙo a jikin haƙoran har sai an wanke.

Da an koma kan G10 sai lissafi ya juya. G10 zaren gilashi ne da aka jera aka daskarar da gam, saboda haka abin da haƙori ke ci gilashi ne. A gudun mita 800, bakin haƙorin yana gogar gilashin yana zafi, ruwan da aka yi da ƙarfe na gama-gari yakan dakushe cikin yanka kaɗan. Za ka gane da sautin ya canja, yankan ya fara kaucewa layi, sannan in ka mayar da shi kan katako sai ya riƙa ƙonawa. A gudun mita 60 zuwa 100 da ruwa mai ƙarfe biyu, wato wanda aka yi bakin haƙoransa da ƙarfe mai jure zafi irin M42, yankan yana tafiya lafiya kuma ruwan ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Shi ma gilashin zai cinye shi a ƙarshe, don haka a ware wa G10 ruwansa daban, wanda ya riga ya ɗan yi aiki a kan ƙarfe. Haka zancen yake ga zaren kabon. Micarta tana da sauƙi, tunda yadi ne ko takarda a cikin gam, duka injinan biyu suna yanka ta. Sai dai a gudu mai yawa da dakusasshen ruwa gefenta yakan ƙone ya yi duhu, musamman mai haske ta lilin ko ta takarda. Katakon da aka ɗura wa gam don ya yi tauri yana tsakanin biyun: yana son ruwa mai kaifi mai haƙora 6, da tura a hankali don kada gefe ya ɓalle.

Sai ƙarfe. Zarton katako ba ya taɓa ƙarfen wuƙa, haƙoran za su mutu nan take. Siririyar tagulla zai iya da ruwa mai ƙananan haƙora, amma ɓarɓashinta yana nutsewa cikin robar wili. Zarton ƙarfe kuwa da shi za ka yanka ƙusoshin ƙota, da tagullar kariyar hannu, har ka fitar da siffar wuƙar kanta daga ƙarfen da ba a riga an taurara shi ba. Ga mai ƙera wuƙa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wajen lanƙwasa, na katako ne gaba. Yana karɓar ruwa mai faɗi daban-daban: mai milimita 6 yana zagaya kwana wadda rabin faɗin da'irarta milimita 16 ne, mai milimita 3 ya fi haka matsewa. Zarton ƙarfe na hannu ruwa ɗaya yake ɗauka, tsawo milimita 1140, faɗi 13, kuma mai faɗi 13 ba ya kwanar da ta gaza milimita 60. Dabara ita ce a yi ta tsaga gajerun yanka daga gefe zuwa kusa da layi, sannan a bi layin, gutsattsarin su riƙa zubewa. Akwai kuma matsalar jikin injin: ruwan a murɗe yake zuwa wurin yanka, kuma doguwar farantin G10 takan ci karo da jikin kafin a kai ƙarshe. Ƙota dai milimita 125 ce, tana wucewa, amma babban faranti sai an fara rage shi da wani abin.

Tsakanin inci 9 da inci 10 kuma, kada zurfin yanka ya ruɗe ka. Mai inci 9 yana yanka tsayin milimita 80 zuwa 90, ya isa har ya yi yawa ga guntun ƙota. Inda yake gazawa shi ne ƙarfin jiki. Jikinsa sau da yawa roba ce da alminiyam, idan ka ɗaure ruwa tam sai jikin ya ɗan lanƙwashe, ruwan ya koma sako-sako. Ƙananan wili kuma suna tilasta amfani da ruwa siriri ƙwarai, wajen milimita 0.35, wanda ba ya tsayawa a miƙe cikin katako mai tauri, kuma faɗinsa ba ya wuce milimita 10. Mai inci 10 mai jikin ƙarfe da teburin ƙarfen zubi yana ɗaukar ruwa mai faɗi 13, yana riƙe ɗauri, shi ya sa yankansa ke miƙewa. Mai wili uku kuwa a bar shi, matsananciyar lanƙwasar da ruwa ke yi a kan ƙananan wilinsa tana sa shi yawan tsinkewa. In ka je dubawa, kama hannun sama na injin ka girgiza, ka danna gefen tebur da tafin hannu. Duk wanda ya motsa, zai motsa a lokacin aiki ma. Ka tabbata kuma tsawon ruwansa irin wanda ake samu ne cikin sauƙi.

Saboda haka ga yadda nake gani. In rabin aikinka ko fiye G10 ne da Micarta da tagulla, kuma ɓarin katako a tsage kake sayensu, zarton ƙarfe a kan teburi shi ne naka, ya fi cin ƙaramin wuri kuma. In kuwa kai kake tsaga guntayen katako da kanka, nemi na katako mai inci 10, ka yanka ɗan G10 ɗin da ya samu da zarton ƙarfe na hannu na gargajiya. Mai inci 9 sai ga wanda siffa kawai zai fitar daga ɓarin da bai wuce kaurin milimita 10 ba.

Kowanne ka ɗauka, ruwan da ya zo da shi a cikin kwali yawanci ba na kirki ba ne, canja shi. Ƙa'idar zaɓe ita ce haƙora uku aƙalla su kasance cikin abin da ake yankawa. Faranti mai kaurin milimita 6 yana son haƙora 14 a inci, mai milimita 3 yana son 24. In haƙoran sun yi girma, gefen farantin yana faɗawa cikin gurbi, sai ka ji fizga, haƙori ya karye. Sabon ruwa mai ƙarfe biyu a fara shi da rabin turi na 'yan mintoci don bakin haƙoran ya zauna.

Saitin na katako shi ne rabin aikin. A cire wuta, a ɗaure ruwan har ya zama in ka tura shi da yatsa daga gefe ba ya wuce milimita 6. A juya wili da hannu har ruwan ya zauna a tsakiyar roba. Jagororin gefe su matso kusa da kaurin takarda ba tare da sun taɓa haƙora ba, boris na baya ya bar 'yar tazara ƙasa da milimita 1. Jagoran sama a sauko da shi zuwa milimita 5 sama da aikin. Sai a ɗora sukwaya a tebur a tabbata ruwan a tsaye yake cak. In bayan duk wannan yankan yana jan gefe ɗaya, haƙoran gefe guda ne suka dakushe, ƙarin ɗauri ba zai gyara ba.

Ƙaho da ƙashi da duk wani abu mai zagaye su ne masu haɗari. Da haƙori ya kama su sai su mirgina, su ja yatsa zuwa ruwan. A manna su da gam mai zafi a kan shimfiɗaɗɗen katako, ko a kwantar da su cikin katakon da aka fafe masa kwari. Ƙananan guntaye ma haka, a tura su da sanda, kuma a toshe ramin tsakiyar tebur da siririn katako da aka tsaga da ruwan kansa, don kada gutsure ya faɗa ya cije. Zarton ƙarfe da aka kafe a tsaye yana buƙatar makunnin ƙafa ko wani na kusa da hannu, tunda nasa makunnin a ɗaure yake zama a kunne.

Ƙurar G10 da ta kabon da ta ƙashi tana illa ga huhu, ta kokobolo kuma tana sa wa wasu ƙaiƙayi da tari. Takunkumin yadi bai isa ba, a nemi mai matata P100 ko FFP3, a haɗa injin zuƙe ƙura in na katako ne, domin gudunsa yana watsa ta cikin iska fiye da na ƙarfe. Bayan yanka a share da jiƙaƙƙen tsumma maimakon hurawa, kuma a kwashe garin katako daga cikin injin kafin a yanka tagulla ko ƙarfe, saboda ɓarɓashinsu da zafi yake saukowa.