PVA ko Embosphere: wanne za a ajiye don toshe jijiyar ƙarin mahaifa?

Dakta, tunda kin ce tsakanin garin PVA da Embosphere kike tsaye, wato ƙananan ƙwayoyin da ake turawa cikin jijiya su toshe jinin da ke ciyar da ƙarin mahaifa, ki ɗauki Embosphere mai girman maikron 500 zuwa 700 (maikron dubu ne milimita ɗaya), ki huta.

Shi muke amfani da shi a wurin da nake aiki. Ƙwayoyinsa zagayayyu ne sumul, girmansu kusan ɗaya, kuma suna da laushi. Idan suka shiga siririyar kateta, bututun da ake zurawa cikin jijiya, sai su ɗan matse, da sun fita su koma yadda suke. Saboda haka ki na iya hasashen inda za su tsaya a cikin jijiya. A cikin ruwan gishiri suke zuwa, a sirinji, ki haɗa da ruwan kwantras mai sa jijiya ta fito a allon hoto, ki ɗan jujjuya, ki bar su su watsu. Akwai wata baiwar Allah daga Fagge da jini ya kusa ƙarar da ita, kuma ta ce ita atafau ba za a cire mata mahaifa ba. Ina riƙe da sirinji, ina kallon allo, ruwan yana tafiya yana rage gudu a hankali har ya tsaya cik, ɓangaren hagu da na dama, kateta ba ta toshe ko sau ɗaya ba. Da ta dawo ganin likita, har da dambun nama ta riƙo mana.

Kada ki sauka ƙasa da maikron 500 a wannan aikin. Akwai 'yan jijiyoyi da suka haɗa mahaifa da gidan ƙwai, ƙananan ƙwayoyi na iya bi ta nan su je inda ba a aike su ba.

PVA kuwa, to, yana aiki. Tun shekarun 1970 ake amfani da shi, ya fi araha, kuma binciken da aka yi na kwatanta su bai nuna wani babban bambanci a samun sauƙin mata ba. Amma siffarsa kamar tsakin masara take, kowace ƙwaya da nata kusurwoyi. Yana dunƙulewa, ya taso saman sirinji, ya toshe kateta, ya kuma tsaya a jijiya tun kafin ya kai inda girmansa ya nuna. Akwai kwalin da muka saya yana nan a kabad, ba mai taɓa shi.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba, kuma a Kano dole a faɗa: Embosphere na ɗauke da jelatin na alade, haka ma Gelfoam, wani soso da shi ma ake toshe jijiya da shi. PVA roba ce zalla. Ki sanar da mara lafiya da mijinta tun kafin su sa hannu. Wasu za su ce lalura ce su amince, wasu su ƙi, shi ya sa ba na cewa ki yi watsi da PVA gaba ɗaya.

Sai 'yan kasuwa. Akwai masu yawo da jaka suna kawo kayan da wa'adinsu ya ƙare, an sake manna takarda. Ki duba lambar rukuni a kwali da wadda ke jikin sirinji su zo ɗaya, ki tabbata ledar ba ta huje ba, girman da aka rubuta ya dace da launin tambarin. Wanda ya ce zai ba ki a rabin kuɗi, ko ya ƙi ba da rasit mai sunan kamfaninsa, ki sallame shi.