Ofishin lauyoyin da ya riƙe mana ƙarar da muka kai 'yan sanda a Legas

Tun da maganar ƙararmu ta bazu tsakanin 'yan canji na Ikeja da na Agege, ba a raba ni da tambaya a kan lauyoyin da suke tsaya mana, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani game da aikinsu, mai daɗi da marar daɗi. Ba zan ambaci sunan ofishin ba, haka kuma ba zan ambaci sashen 'yan sandan da muke ƙara ba, domin babbar shari'ar tana gaban alƙali har yanzu, kuma abin da muke faɗa a kansu zargi ne da kotu ba ta tabbatar ba tukuna.

Ni ne mai kula da littattafan kuɗi a kamfanin canji na kawuna. Abin ya same mu ne a 2024, shekarar da harkar canji ta shiga tsaka mai wuya: a ranar 1 ga Maris Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173, a watan Mayu kuma ya fito da sababbin ƙa'idoji da suka ɗaga jarin babban rukuni zuwa naira biliyan 2, na ƙaramin rukuni zuwa naira miliyan 500. Kowa a lokacin yana cewa 'yan canji ne suka karya naira, saboda haka kamen ɗan canji ba ya ba kowa mamaki. Wasu mutum biyu cikin kayan gida suka zo sayar mana da dala 30,000. Da yake kuɗin ya wuce dala 10,000, mai karɓar kuɗinmu ya ba su takardar bayyana tushen kuɗi suka cike, ya ɗauki hoton katin shaidar ɗaya daga cikinsu, ya bi dalolin da na'ura, sannan muka tura nairar zuwa asusun bankin da suka ba mu. Alat na shiga, sai abokan tafiyarsu suka faɗo ofis, suka ce su jami'ai ne, dalolin kuma na tarko ne. Suka tafi da dalolin, suka tafi da yaron nan mai karɓar kuɗinmu, ya kwana huɗu a hannunsu kafin a ba da belinsa. Ba a gurfanar da kowa a kotu ba, nairarmu kuma ba ta dawo ba. Da muka bi sawu, aka ce mana mai asusun wani ne da ke kai musu rahoto, kuma wai ya yi layar zana.

Wani dattijo da muke salla tare a Agege ne ya nuna mana ofishin lauyoyin. Yana hawa na biyu na wani tsohon bene a Ikeja, babu lif, wurin ajiye mota kuwa sai dai mutum ya roƙi maigadin gidan da ke maƙwabtaka. Lauyoyi biyar ne a ciki, shugabarsu Bayerabiya ce da ta daɗe tana shari'o'in tauye haƙƙi. Ana biyan kuɗin ganawa tun kafin a zauna, abin da ya ɓata wa Kawu rai ƙwarai, domin a ganinsa mutum ba ya biyan kuɗin gaisuwa.

Zaman farko shi ne ya sa nake ba wa ofishin nan daraja har yau. Kawu ya shiga da kalma ɗaya a bakinsa, wato zamba, yana so a rubuta ta da manyan baƙaƙe a kai wa alƙali. Barista ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, zamba laifi ne, kuma wanda ya zargi wani da laifi a ƙarar neman haƙƙi, doka ta ce sai ya kawo hujjar da ba ta bar kokwanto ba, daidai da wadda ake nema kafin a ɗaure mutum." Ta nuna mana sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011. Ta ƙara da cewa shigar burtu da jami'ai suka yi suka zo a matsayin masu ciniki ba shi ne zai ba mu nasara ba, tun da sashe na 14 na wannan doka ya ba alƙali damar karɓar shaida ko da an samo ta ta hanyar da ba ta dace ba. Abin da za ta tsaya a kai, in ji ta, tambaya ce mai sauƙi: kuɗin kamfani ya fita ta banki zuwa asusun da jami'ai da kansu suka bayar, to ina ya shiga, kuma da izinin wace kotu ake riƙe da shi? Zargin zamba ta bar shi a cikin takardun, amma ta gina ƙarar yadda ko da alƙali bai gamsu da shi ba, neman a mayar da kuɗin zai tsaya da ƙafarsa. Lauyoyi biyu da muka fara gani kafin ita sun yi mana alƙawarin diyyar ɗaruruwan miliyoyi cikin wata shida, ɗayansu ma ya ce yana da hanya a sama. Ita kuwa ta ce mu shirya wa shekaru, kuma ba ta sassauta maganar ba duk da ta ga fuskar Kawu ta sauya.

Abu na biyu da ta yi a ranar shi ne ƙirga kwanaki. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara a kan abin da jami'i ya aikata a bakin aikinsa, mu kuwa mun riga mun cinye kusan wata biyu muna zarya, muna aika manya su yi magana, muna jiran alfarma. Akwai hanyoyin kauce wa wannan wa'adi, misali idan an nuna jami'in ya yi abin da mugun nufi, amma ta ce ba za ta jingina dukiyar mutane a kan muhawarar da za a iya guje mata ba. Cikin kwana goma takardu suka shiga kotu. Ƙarar ta raba ta biyu. Ta farko ta yaron da aka tsare ce, a ƙarƙashin ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam na 2009, waɗanda wa'adi ba ya hawa kansu, kuma ana yanke su bisa takardun rantsuwa ba tare da kiran shaidu ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, a Ikeja kuwa babu mai cewa kotu ta yi nisa. Ta biyu ita ce ta kamfani, mai neman kuɗinsa.

Wajen tattara hujja ma ba su yi wasa ba. A daren ranar farko suka sa muka kwafe hoton kyamarar tsaro, wanda da mun ƙara mako biyu da na'urar ta goge shi da kanta. Suka karɓi bayanan asusu daga banki da hatiminsa, suka haɗa da takardar shaidar da sashe na 84 na Dokar Shaida ke nema kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga kwamfuta. Suka kuma tambaye mu takardar jerin kayan da aka ƙwace, wadda sashe na 10 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya wajabta a rubuta, jami'i da wanda aka kama su sa hannu, a ba shi kwafi. Tamu ta lissafa daloli da wayoyi biyu, ba ta ce komai a kan naira ba, wannan giɓin kuma shi ne ya zama ƙashin bayan ƙarar. A nan dole in faɗi gaskiya a kan kanmu: sun gano cewa rasit uku na wannan makon ba su da sa hannu, suka ce mu bar su yadda suke, kada wanda ya taɓa su. Na ji kunya, domin aikina ne.

Sai dai ofishin yana da nasa aibun, kuma ba ƙanana ba ne. Mafi ciwo shi ne rashin sanar da mutum halin da ake ciki. Sau biyu muna tasowa daga Agege bayan asuba, mu sha gosulo a kan gadar Third Mainland har Ikoyi inda Babbar Kotun Tarayya take, mu tarar kotu ba za ta zauna ba, alhali magatakardansu ya sani tun jiya. Duk da haka an caje mu kuɗin halartar zama na waɗannan ranakun. Da na yi ƙorafi aka yafe ɗaya, aka ce ɗayan lauya ya riga ya je. Wayar Barista kuwa, idan ka kira sau biyar ka samu sau ɗaya, ka yi sa'a. Bayan zaman farko mafi yawan aikin ya koma hannun ƙananan lauyoyi, kuma an sauya mana su har sau uku, kowane sabo sai mun sake ba shi labari daga tushe.

Ɗaya daga cikin ƙananan, wani matashi haifaffen Agege da ke jin Hausa kamar jakin Kano, shi ne ya riƙe zuciyar Kawu a wannan tafiya. Kafin zuwansa ni nake fassara, kuma ni ba lauya ba ne, sau da yawa sai in ga na rage wa magana nauyi ko na ƙara mata. Shi kuwa yakan zauna ya ce, "Baba Alhaji, wannan takardar rantsuwa ce, duk abin da ke ciki kai ka faɗe shi, saboda haka bari in karanta maka layi bayan layi kafin ka sa hannu." Ofishin da ke da masu hulɗa Hausawa da yawa haka bai kamata a ce samun irin wannan lauya ya zama dace ba, ya kamata ya zama tsari. Yanzu da ya tafi hutu, mun koma gidan jiya.

Game da kuɗi, ba su da araha, amma ba su da ɓoye-ɓoye. An rubuta yarjejeniya, aka raba kuɗin aiki kashi uku, aka ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a fili, kuma kowace naira da muka biya an ba mu rasit. Da Kawu ya nemi ragi irin na kasuwa, aka nuna masa cewa tun 2023 akwai umarnin da ya ƙayyade mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa. Abin da yarjejeniyar ba ta fayyace ba shi ne ƙananan kashe-kashe, kamar kuɗin kai sammaci da na kwafin takardun kotu, waɗanda idan aka tara su ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda zai je, ya nemi a rubuta masa kiyasinsu tun farko, ya kuma sa a rubuta cewa ba zai biya kuɗin zaman da ba a yi ba.

Ƙarar yaron ta ƙare, alƙali ya ce tsarewar ta saɓa wa doka, ya ba da diyya, ko da yake ba ta kai rabin abin da aka nema ba. Har yau ba a biya ba. Wannan ma Barista ta gargaɗe mu tun ranar farko: akwai wani sashe na 84 kuma, na dokar da ta tsara yadda ake zartar da hukuncin kotu, wanda ya ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai an nemi amincewar Antoni Janar. Sun rubuta takardar neman amincewar, sun sake tunatarwa, muna jira.

Ga ɗan canjin da takardunsa suke a kammale, wanda kuma zai iya jure jin abin da ba ya so, ina ba da shawarar wannan ofishi, da sharaɗin ya sanya mutum ɗaya daga kamfaninsa ya riƙa bibiyar magatakarda kwana guda kafin kowane zama. Wanda yake ciniki a gefen titi ba rasit ba lasisi, su da kansu za su gaya masa cewa ƙarar za ta iya juyowa kansa, na ga sun sallami wani a gabana saboda haka. Babbar ƙararmu an ɗage ta zuwa bayan hutun shekara na kotu, inda ake sa ran jami'in bankin da ya buɗe wancan asusun zai zo ya ba da shaida, kuma ofishin ya riga ya kai masa sammaci.